Zuwa Fadar Windsor a keken guragu, zai yiwu kuwa?

Mutanenmu da yawa in sun je Landan jinya ko bikin kammala karatun yaro suna so a kai su Windsor su ga fadar sarautar Ingila, to amma in a cikin tawagar akwai Baba da ƙafa ta ƙi, ko ƙanwa da dama can a keke take, sai kawai a ce ta zauna a gida za a kawo mata hotuna. Abin nan yana min ciwo wallahi, don wajen yana shiguwa. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Ginin da ya kusa shekara dubu, ta yaya keke zai shiga?

Gaskiya ne tsoho ne, Sarki William wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066 shi ya fara gina shi wajajen 1070, kuma da gangan aka ɗora shi kan tudu a gefen kogin Thames don abokan gaba su sha wuya kafin su iso. Amma yau akwai lifta da ke hawa da mai keke zuwa manyan ɗakunan da sarki ke karɓar baƙi, inda matakala take kuma ma'aikata suna nuna maka wata hanyar. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta wajabta wa duk mai karɓar jama'a ya yi gyaran da hankali zai ɗauka saboda masu naƙasa, tsufan gini bai cire shi daga ciki ba, sai dai a duba yadda za a yi ba tare da an lalata tarihi ba. Babban zauren St George ma da za ka gani, gobara ta cinye shi a Nuwamba 1992, sai 1997 aka gama gyara, kuma mai keke yana ratsa shi kamar kowa.

To ina wahalar take?

Tudu da nisa, nan ne maganar take, ba matakala ba kamar yadda mutane ke zato. Daga inda ake duba tikiti da binciken jakunkuna irin na filin jirgi, sai an yi hawa mai ɗan tsawo a fili kafin a kai ƙofar ɗakunan, sannan in an gama a gangaro zuwa cocin da ke ƙasa, kuma duk wanda ya taɓa tura keke ya san gangara ta fi hawa ban tsoro, hannu na gajiya birki na ja mutumin da ke zaune kuma gabansa na faɗuwa. Wasu wuraren daɓen duwatsu ne irin na da, keke na jijjiga a kai, mai ciwon baya ko wanda aka yi wa aiki kwanan nan zai ji a jikinsa, a sa masa matashi mai kyau. In mutum yana tura kansa da kansa kuma yana da ƙarfin hannu zai iya, amma ni dai shawarata a je da mai turawa mai ƙarfi, ba yarinya 'yar shekara goma sha biyu ba, kuma a riƙa tsayawa ana hutawa, ba wanda ke korar ku. In ana ruwa duwatsun nan suna santsi, Ingila kuwa ruwa ba ya neman izini.

Ta ina ya fi sauƙin zuwa daga Landan?

Tashar jirgin ƙasa biyu ce a garin kuma bambancinsu babba ne ga mai keke. Jirgin da ke tashi daga tashar Waterloo ta Landan yana zuwa kai tsaye cikin kusan awa ɗaya amma yana ajiye ka a Windsor & Eton Riverside, can ƙasa gefen kogi, daga nan sai hawa mai tsauri. Na tashar Paddington ta Landan sai an canza jirgi a garin Slough, amma yana sauke ka a Windsor & Eton Central wadda take sama kusa da fadar. Ni zan ce a bi ta Slough duk da canjin. Akwai tsarin Passenger Assist, kana yin rajista a waya ko manhaja awa 2 kafin tafiya, ma'aikaci ya jira ka da gadar ƙarfen da ake shimfiɗawa keke ya hau jirgi, kyauta ne. Kuma Slough gari ne mai Musulmi da yawa, akwai masallatai da gidajen abinci na halal, sai a haɗa sallah da cin abinci a can a hanyar dawowa. Masu zuwa da mota su sani ba wajen fakin na maziyarta a cikin fadar, sai na gari.

Mai tura ni shi ma sai ya biya?

A'a. Royal Collection Trust, hukumar da ke kula da shigar baƙi, tana ba mai rakiyar mai naƙasa tikiti kyauta, a nema tun wajen sayen tikitin a intanet. Akwai kuma kekuna na aro kyauta, wanda ya riga zuwa shi ke samu. Wannan yana da amfani sosai ga dattijan da a gida suna ɗan takawa da sanda amma ba za su iya wannan nisan ba, kuma na san halin iyayenmu, Baba zai ce shi lafiyarsa ƙalau ba zai hau keke mutane na kallo ba, a lallaɓa shi tun daga gida kafin a je bakin ƙofa ana gardama. Mai keken lantarki ko babur ɗin nan na tsofaffi ya auna faɗi da tsawonsa ya tura musu tambaya kafin ranar, don lifta tana da iyakar abin da take ɗauka.

Bandaki fa?

Akwai na masu keke a cikin fadar. A waje, cikin gari da tashoshi, da yawa a kulle suke da wani makulli guda da ake kira RADAR, ana sayensa da 'yan fam kaɗan kuma yana buɗe dubban bandakuna a faɗin ƙasar, wanda zai yi ko sati biyu a Ingila ya saya.

Akwai inda keke ba zai kai ba?

Akwai, doguwar hasumiyar nan mai zagaye da ke tsakiya, matakala kusan 200 ce kuma ba lifta, dama can ba kullum ake buɗe ta ba ko ga masu ƙafa. Cocin St George kuwa, wadda aka fara ginawa a 1475, yawancin cikinta keke na bi, nan aka binne Sarki Henry na Takwas, nan kuma aka binne Sarauniya Elizabeth ta Biyu ranar 19 ga Satumba 2022.

Me wannan ya shafe mu da shi a gida?

A Najeriya an sa hannu kan dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya a Janairu 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya wuce kuma kowa ya san yadda yawancin ma'aikatu da bankuna da ma masallatanmu suke har yanzu. In ginin da aka yi don ya hana mutane shiga ya samu lifta, bene mai shekara ashirin ba shi da ta cewa.

Filin da ke bayan fadar ana iya zagawa?

Wannan ne ma ɓangaren da na fi so mai keke ya samu. Windsor Great Park ya kai eka 4,800, shiga kyauta, da barewa suna kiwo a sake. Akwai miƙaƙƙiyar hanya mai kwalta da ake kira Long Walk, ta haura kilomita 4 daga fadar zuwa mutum-mutumin Sarki George na Uku a kan doki, ta nan aka bi da gawar Sarauniya. Farkonta shimfiɗe take keke na tafiya sumul tsakanin bishiyoyi, ƙarshenta ne ke da tudu, ba sai an kai can ba, a yi abin da jiki ya iya a juyo, a tuna dai duk nisan da aka yi sai an dawo shi.

Wace rana ta fi?

Talata da Laraba a rufe take, Lahadi kuma cocin na masu ibada ne kawai. Tunda har yanzu gidan Sarki Charles ne, ana iya rufe wani sashe in akwai babban baƙo, a duba shafinsu daren da za a tafi. Cunkoso ya fi yawa da safe musamman ranar da sojoji ke canjin gadi wajen ƙarfe 11, kuma mai keke in mutane suka tsaya gabansa bayansu kawai zai gani, don haka ko a je da wuri a kama gaba ko a bari sai bayan azahar. A ware awa 3 aƙalla.