Wai babu gogayyar jiki a hokin ƙanƙara na 'yan mata?

Mutane da yawa sun ɗauka a Gasar Duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 18, wadda hukumar hokin ƙanƙara ta duniya (IIHF) ta fara a birnin Calgary na Kanada a 2008, ba a taɓa juna. Ba haka ba ne. Idan 'yan wasa biyu suna kokawar faifan roba (wanda ake bugawa a madadin ƙwallo) a jikin katangar da ta zagaye filin, kafaɗa da kafaɗa, an yarda su ture juna. Laifin shi ne ki bar faifan ki bangaje abokiyar hamayya, ko ki haɗa ta da katanga da gangan. Nan alƙalin wasa zai tura ki benci na minti 2, ƙungiyarki ta koma 'yan wasa huɗu gaban biyar. Manyan ƙungiyoyi irin Amurka ko Kanada kuwa ba sa wasa da irin wannan damar.