Dusar da muke ba awaki, hanjinmu ma yana bukatarta

Jama'ar Sakkwato, assalamu alaikum. A babban hanjin kowannenmu akwai ƙwayoyin bakteriya tiriliyan-tiriliyan, kuma mafi yawansu ba masu cutarwa ba ne, aiki suke mana. Abin da ciki ya kasa narkarwa, wato harzar abinci irin ta dusar gero da dawa, ɓawon wake, zogale, rama da kuka, shi ne cimarsu. In sun ci, sai su fitar da wasu sinadarai, manyansu uku: asetet, furofiyonet da butiret.

Butiret shi ne babban abincin bangon hanji. Idan ya wadata, bangon yakan kasance a ɗinke, dattin cikin hanji ba ya samun kafar tsiyaya cikin jini. In ya yi ƙaranci, sai a samu wani kumburi na ɓoye wanda mutum ba ya ji, amma a hankali yana sa jiki ya daina sauraron insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini. Wannan na cikin hanyoyin da ake ganin ciwon suga yake lallaɓowa. Sinadaran nan uku kuma suna sa hanji ya saki wani sinadarin mai suna GLP-1, wanda ke taimaka wa fitar insulin bayan cin abinci, ya kuma sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Allurar nan mai tsada ta ciwon suga, Ozempic, aikin GLP-1 take kwaikwayo.

A shekarar 2010 masana daga Italiya suka gwada yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso da yaran birnin Florence. Yaran ƙauyen abincinsu gero ne da dawa da wake da ganye, kusan irin wanda iyayenmu suka reni mu da shi. An tarar sinadaran nan masu amfani sun fi yawa a bayan gidan yaran ƙauyen, dangin ƙwayoyin da ke kawo gudawa kuma sun fi ƙaranci. Wannan ne yake damuna ƙwarai idan na shiga gidaje: a surfe gero fes a kai wa awaki dusar, yara su karya da farin biredi da shayi mai suga, rana farar shinkafa, dare taliyar leda, ga lemon kwalba a kai. Ciki ya cika, ƙwayoyin hanji sun kwana da yunwa.

Ba duk abin da ƙwayoyin ke fitarwa ne alheri ba. Daga 2011 zuwa 2013, Dakta Stanley Hazen da abokan aikinsa a Cleveland ta Amurka sun nuna cewa ƙwayoyin hanji na sarrafa wasu sinadaran da ke cikin jan nama, hanta ta mayar da su wani sinadari mai suna TMAO, wanda aka alaƙanta yawansa da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Alhaji, ban ce ka bar balangu da kilishi ba. Kada dai su zama na kowane dare, babu ganye a gefe.

Iyayena mata, gyaran yana hannunku. A rage surfe, a bar wa tuwo da kunu ɗan ƙarfinsu. A dafa wake da ɓawonsa. Kwaɗon zogale da na rama su dawo cikin gida, albasa da tafarnuwa da Allah Ya hore mana a Goronyo da Wurno su ma cimar ƙwayoyin nan ce. Fura da nono mai tsabta abu ne mai kyau, sugan da ake zabga mata ne matsala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana. A ƙara sannu a hankali tare da shan ruwa, don farat ɗaya yakan kawo kumburin ciki.

Sai batun kemis. Ciki ya ɗan murɗa, a aiki yaro ya sayo kafso ja da yalo ko Flagyl. Irin waɗannan magunguna masu kashe bakteriya ba sa tantance ƙwaya mai amfani da mai cutarwa, kuma hanji kan ɗauki makonni ko watanni kafin ya farfaɗo. Kada a sha sai ma'aikacin lafiya ya rubuta.

Wanda likita ya ɗora kan maganin suga ko na hawan jini, ya ci gaba da shan abinsa, gyaran abinci ƙari ne a kai. Mai yawan ƙishirwa da fitsarin dare da rama ba dalili, ya je asibiti mafi kusa a auna masa suga, kada ya ce zafin Sakkwato ne kawai.