Me ake nufi da "Franken" a kasuwar tsofaffin agogo?

Duk wanda ya fara leƙa shafukan da ake sayar da tsofaffin agogon da ake yi wa wani, wato ake murɗawa, irin waɗanda ba ruwansu da batir, ba zai daɗe ba zai ci karo da kalmar nan. Wani ya sa hoton agogon da ya saya yana murna, sai masana su yi masa caa: "Ai Franken ne." Sunan ya fito ne daga Frankenstein, littafin Mary Shelley na 1818, inda wani ya harhaɗa gaɓoɓi daga nan da can ya ƙera halitta. To haka agogon yake: fuska daga wannan, inji daga wancan, allurai da murfin baya daga wasu daban, an haɗa an ce ga agogo.

Ba jabu ba ne, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Kowane ɓangare na iya zama na kamfanin da gaske, sai dai ba tare suka baro masana'anta ba. Haka nan agogon da ya shekara hamsin yana aiki dole an taɓa sauya masa gilashi ko wayar ciki da ke riƙe ƙarfin murɗawar. Wannan gyara ne, ba wanda zai ga laifinsa. Abin da ke karya daraja shi ne a sauya fuska ko inji, a yi gum, a nemi kuɗin na asali.

Seiko, kamfanin agogo na Japan, ya sauƙaƙa wa mai saye bincike. Juya agogon, a murfin baya akwai lamba kashi biyu, misali 7009 sai layi sai wasu lambobi huɗu. Huɗun farko sunan injin ne. Dubi ƙasan fuskar, wajen ƙarfe shida, za ka ga ɗan siririn rubutu mai ɗauke da lambar injin nan. Sannan ka ce mai kaya ya buɗe murfin ya ɗauki hoton ciki, domin an buga ta a jikin injin ma. In ukun ba su yi daidai ba, ka gane. Wanda ya ƙi turo hoton ciki kuwa, ni dai a nan nake sallama da shi.

Sauran aikin na ido ne. Tsufa tare yake kama agogo: in farin da ke haske da dare ya koma ruwan ƙasa a kan lambobi amma na allurai fari fat, to allurai baƙi ne. Fuskar da aka sake wa fenti takan tona kanta da harufa masu kauri, ko ɗigon mintuna da suka kauce wa lambobi.

Kada ka ɗauka talaka kaɗai ake yi wa. A Nuwamban 2021 aka yi gwanjon wata Omega Speedmaster ta 1957 a Janiba kan sama da farank miliyan 3 na Suwizalan, kuma kamfanin Omega ne da kansa ya saye ta. A 2023 ya fito ya ce ashe haɗe-haɗe ce.