Waiwaye: Tsohuwar gardamar Ikkilisiya a kan kallo, karatu da dariya

Da zarar wani fim ya fito, ko ɗan barkwanci ya taɓo addini, sai masu bi su rabu gida biyu. Waɗansu su ce Kirista ba ruwansa da kayan duniya, waɗansu su ce kallo ai kallo ne, ba ya kai wa zuci. Wanda bai waiwaya ba zai zaci wayar hannu ce ta haifi wannan gardama, alhali ta girmi silima da kusan shekara 1,700.

Wajen shekara ta 200, a birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, malamin ikkilisiya Tertuliyan ya yi rubutu a kan wasannin taron jama'a. Bai sassauta ba: mai bi kada ya taka filin sukuwa, ko gidan wasan kwaikwayo, ko dandalin da ake gwabza mutane. Sai dai a yi masa adalci. Wasannin nan da sunan gumaka ake yin su, kuma kisan da ake kallo na gaske ne. A birnin nan ne aka jefa wasu mata Kirista biyu, Farfetuwa da Filisita, gaban namun daji a shekara ta 203 saboda bangaskiyarsu.

Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne labarin da Agustin, wani babban malamin ikkilisiya ɗan Afirka ta Arewa, ya bayar game da amininsa Alifiyus. Saurayi ne da ya je Roma karatun shari'a, ya tsani wasan zubar da jini. Wata rana abokan karatunsa suka ja shi da ƙarfi zuwa dandali. Ya ce musu jikinsa kaɗai za su iya kaiwa, idonsa da hankalinsa ba za su je ba. Ya zauna, ya runtse ido. Can sai wani ɗan wasa ya faɗi, jama'a suka ɓarke da ihu, ya ce bari ya ɗan duba. Da ya ga jinin bai ƙara kau da kai ba, ya yi ihu tare da masu ihu. Daga baya ma shi ke jan waɗansu zuwa wurin. A nan gizo ke saƙar: abin da magabata suka ji tsoro shi ne yadda kallo ke sāke mai kallon ba tare da ya sani ba. Agustin kansa ya tuna yadda yana yaro ya yi kuka a kan mutuwar wata sarauniya ta cikin waƙar Romawa, bai zubar da hawaye ko ɗigo a kan halin da ransa ke ciki ba.

Tun farko akwai wata hanya dabam. Manzo Bulus, da ya tsaya gaban mutanen Atina, baitin mawaƙansu ya jawo ya yi wa'azi da shi, kamar yadda ke cikin Ayyukan Manzanni 17:28. A ƙarni na huɗu, bishop Basil na Kaisariya ya shawarci matasa su karanta littattafan Helenawa yadda ƙudan zuma ke bin furanni: ya sauka a kan wanda ke da amfani, ya ɗebi abin da zai ɗiba, ya bar sauran. Gudu ko tacewa, a tsakanin waɗannan biyun Ikkilisiya ta yi ta kai-komo.

Ita ce ma ta farfaɗo da wasan kwaikwayo a Turai. A ƙarni na goma sufaye suka fara kwaikwayon matan da suka je kabari da asubar tashin Almasihu. Wasan ya fita daga coci ya hau titi, har birnin Yok na Ingila ya tara wasanni 48, daga halitta zuwa ranar shari'a, ana nuna su a kan amalanke. Mutanen ƙauyen Oberammergau na Jamus sun fara wasan shan wuyar Yesu a 1634 don cika wa'adin da suka ɗauka lokacin annoba, kuma har yau suna yi kusan duk shekara goma.

Dariya ce ta fi shan wuya. Bishop Yohanna Kirisostom ya yi wa'azi cewa Linjila ta nuna Yesu yana kuka, ba ta nuna shi yana dariya ba, kuma ƙa'idar zaman sufaye da Benedik ya rubuta ta gargaɗe su a kan yawan ƙyaƙyatawa. A ƙarni na 13 sai malamin tauhidi Tomas Akwinas ya ce rai ma yana gajiya kamar jiki, kuma bakan da aka bari a ɗane kullum karyewa zai yi. Har ya lissafa rashin raha gaba ɗaya cikin aibi. Kalmar Helenanci da ya ara don yabon raha mai tsabta, ita ce Afisawa 5:4 ta yi amfani da ita wajen hana alfasha da sunan wasa. Kalma ɗaya, fuska biyu. Ni a ganina duk rigimar barkwanci tana cikin wannan, domin wa ake yi wa dariyar, kuma da wace zuciya, shi ne ke raba magani da guba.

Da na'urar ɗab'i ta yawaita littattafai, sai aka koma ga hani. A 1559 Paparoma Bulus na Huɗu ya fitar da jerin littattafan da aka haramta, jerin da bai daina aiki ba sai 1966. A Ingila masu tsattsauran ra'ayin Furotesta suka sa aka rufe gidajen wasan Landan a 1642, ba a buɗe ba sai 1660. A Faransa, da marubucin barkwanci Moliyer ya rasu a 1673, da ƙyar aka yarda a binne shi, kuma da dare aka yi. Duk da haka daga cikin masu tsananin ne Yohanna Banyan ya fito da ƙagaggen labarinsa na tafiyar mai ibada a 1678. Sai da ya buɗe littafin da kare kansa, yana tunasar da masu suka cewa annabawa da Yesu kansa da misalai suka koyar.

Silima ta maimaita tarihin cikin gaggawa. Ƙa'idar tace finafinai ta Hollywood ta 1930, wani fada ɗan Katolika, Daniel Lord, da ɗan jarida Martin Quigley ne suka tsara ta. Ta hana a nuna laifi yana da riba, ta hana a mai da limamin addini abin dariya ko mugu. Daga 1934 aka fara tilasta ta, bayan miliyoyin 'yan Katolika a Amurka sun yi alkawarin ƙaurace wa finafinan banza. Ikkilisiyoyin Furotesta da dama kuwa cewa suka yi ko ƙofar silima kada a bi. Amma ƙarfin bai ɗore ba. A 1952 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba za a hana fim don zargin ɓatanci ga addini ba, a 1968 kuma aka jingine ƙa'idar aka koma rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo. Kafin nan wasu sun riga sun ɗauki kyamara da kansu: ƙungiyar mai wa'azi Billy Graham ta fitar da fim ɗinta na farko a 1951, fim ɗin rayuwar Yesu na 1979 kuma an fassara shi zuwa harsuna fiye da 2,000.

Akwai abin kunya a tarihin, ba zan ɓoye ba. A Oktoban 1988 wasu masu fushi da wani fim a kan Yesu suka cinna wa gidan silima wuta a Faris, babban birnin Faransa, mutane suka ƙone suka jikkata. Babu ayar da za ta wanke wannan.

A ranar 14 ga Yunin 2024 Paparoma Faransis ya karɓi 'yan barkwanci fiye da 100 a Batikan. Ya ce musu ana iya raha har game da Allah, yadda ake wasa da wanda ake ƙauna, muddin ba a ci zarafin masu bi ba. Bayan wata guda ya rubuta wasiƙa yana roƙon a sa masu koyon aikin fada su riƙa karanta ƙagaggun labarai da waƙoƙi.

Sai dai dandalin da aka ja Alifiyus yana da ƙofa da ranar wasa. Na yau yana cikin aljihu, ba ya rufewa, kuma babu hukumar da ke tsaye a bakinsa. Aikin da jerin hani ya yi shekara 400 yana yi ya dawo kan iyaye da fastoci. Da yawanmu muna yanke wa fim hukunci ba mu gan shi ba, yaranmu kuwa sun gama kallonsa tun daren jiya, suna jiran wanda zai zauna ya tambaye su me suka gani.