Waiwaye: Yadda Ritayar 'Yan Wasan Besbol a Amurka Ta Koma Lissafin Kwanaki

Duk ƙarshen kakar besbol a Amurka, wajen ƙarshen Satumba, akan shirya wa gwarzo ɗaya ko biyu bikin ban kwana, fili ya cika maƙil, jama'a su miƙe tsaye suna tafi. Waɗannan 'yan tsiraru ne. Akasarin waɗanda suka taɓa buga MLB, babbar gasar besbol ta ƙasar, ba su ne ke zaɓar ranar tafiyarsu ba: kwantiragi ya ƙare, hunturu ya wuce, babu kulob ɗin da ya neme su, shi ke nan. Wani bincike na Jami'ar Colorado da ya fito a 2007, kan 'yan wasan da ba masu jifa ba (masu jifa su ne ke jefa wa mai riƙe da sanda ƙwallo) daga 1902 zuwa 1993, ya nuna matsakaicin zamansu a gasar shekara 5.6 ne, kuma ɗaya cikin biyar bai wuce kakarsa ta farko ba. Shi ya sa maganar ritaya a wannan wasa, tun fil azal, magana ce ta abin da mutum zai ci bayan an daina kiransa.

Daga 1879 masu kulob suka shigo da wani sharaɗi a kwantiragi wanda ya ɗaure ɗan wasa ga kulob ɗinsa har sai an sayar da shi ko an sallame shi. In albashi bai yi maka ba, sai dai ka zauna a gida. Fansho kuwa babu. Sai a 1946 abubuwa biyu suka tsorata masu kulob: gasar Meziko ta fara zawarcin 'yan wasansu da kuɗi mai tsoka, sannan wani lauya, Robert Murphy, ya yi yunƙurin kafa musu ƙungiyar ƙwadago. Yunƙurin bai kai labari ba, amma ya haifar da mafi ƙarancin albashi na dala 5,000 da tsarin fansho da ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 1947. Sai wanda ya yi shekara biyar a gasar ne ke da haƙƙi, kuma abin da zai karɓa dala 50 ne a wata idan ya kai shekara 50.

Al'amarin ya sauya da zuwan Marvin Miller, wanda ya fito daga ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa ya shugabanci ƙungiyar 'yan wasa daga 1966. A 1969 aka rage shekarun zuwa huɗu. A 1972 aka yi yajin aikin farko na gama-gari, kwana 13, aka soke wasa 86, kuma ba a kan albashi aka yi shi ba, a kan kuɗin da ake zubawa asusun fansho ne. A wannan shekarar ce Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙarar da ɗan wasa Curt Flood ya shigar kan sharaɗin ɗaurin nan, wanda ya ƙi yarda St. Louis ta miƙa shi ga Philadelphia a 1969, lamarin da kusan shi ne ya kawo ƙarshen wasansa. Sharaɗin ɗaurin ya faɗi a Disambar 1975 ta hannun mai sasanci Peter Seitz, daga nan aka amince cewa wanda ya cika shekara shida yana iya zuwa duk inda ya ga dama.

Yarjejeniyar 1980 ce ta kafa lissafin da ake bi har yau, kuma yana da kyau a fahimce shi dalla-dalla. Kaka tana ɗaukar kusan kwana 187, amma kwana 172 a jerin sunayen babban kulob ake ƙirgawa shekara ɗaya. Rubu'in wannan, kwana 43, shi ne ke buɗe ƙofar fansho. Kwana ɗaya tak yana ba mutum damar shiga tsarin inshorar lafiya na 'yan wasa (damar shiga, ba kyauta ba, bayan ritaya shi zai riƙa biya). Kowane rubu'i yana ƙara kaso, har a kai rubu'i 40, wato shekara goma, inda fansho ke cika. Cikakken fansho yana bin iyakar da hukumar harajin Amurka ta gindaya, dala 275,000 a shekara a 2024, ga wanda ya jira har shekara 62. Ana iya fara karɓa tun daga shekara 45, amma da ragi mai yawa. Ƙasa da kashi goma cikin ɗari ne ke kaiwa shekara goman nan. Kwanakin jinya suna shiga lissafi muddin a jerin babban kulob mutum ya ji rauni. Kwanakin ƙananan gasanni, waɗanda ke ƙasa da MLB, kuwa ba sa shiga, ko da shekara goma sha biyu aka kwashe a can.

Inda aka yi rashin kyautawa shi ne, sabon tsarin bai waiwayi na baya ba. Ɗaruruwan da suka buga tsakanin 1947 da 1979 ba su cika shekara huɗu ba suka tashi a tutar babu. Sai a 2011 aka fara ba su dala 625 kan kowane kwana 43 da suka yi, kada ya wuce dala 10,000 a shekara, kuma ba fansho ba ne, in mutum ya rasu iyalinsa ba sa gada.

Ita kanta kalmar ritaya tana da tsada. Galibi kwantiragin MLB tabbatacce ne: ko an sallame ka, ko rauni ya hana ka wasa, sai an biya ka duka. Amma in kai ka rubuta cewa ka ajiye aiki don raɗin kanka, ragowar kuɗin ya tafi. Gil Meche na Kansas City ya yi haka a Janairun 2011, kafaɗarsa ta lalace, ya bar dala miliyan 12. Ba kowa ke iya wannan ba. Prince Fielder, bayan tiyata ta biyu a wuya a 2016, ya bayyana cewa likitoci sun hana shi wasa, amma bai shigar da takardar ritaya ba, domin kwantiraginsa na dala miliyan 24 a shekara sai 2020 zai ƙare. Stephen Strasburg ya sa hannu kan dala miliyan 245 na shekara bakwai da Washington a Disambar 2019, ciwon jijiyoyi a wuyansa da kafaɗa ya sa wasa takwas kawai ya ƙara bugawa. An shirya sanar da ritayarsa a 2023 aka fasa saboda ba a daidaita kan kuɗi ba, sai Afrilun 2024 aka kammala.

Ga ɗan wasa na gama-gari, hanyar fita gajeriya ce. Kulob na da jerin mutum 40, 26 daga ciki ke buga wasa. In aka cire sunanka daga 40 ɗin, kulob na da kwana bakwai ya sayar da kai ko ya tallata ka ga sauran kulob 29. In babu mai so, a tura ka ƙaramar gasa ko a sake ka. Wanda ya cika shekara biyar yana da ikon ƙin sauka ƙasa, ya tafi da albashinsa. Wasu su nufi Japan, Koriya ta Kudu ko Meziko su ƙara 'yan shekaru.

Likitanci ma ya matsar da ranar tafiya, musamman ga masu jifa. Sandy Koufax na kulob ɗin Dodgers ya bar wasa a 1966 yana shekara 30, bayan kakar da ya ci wasa 27, saboda amosanin gaɓɓai a gwiwar hannunsa na hagu. Shekara takwas bayan haka, a kulob ɗin Dodgers ɗin dai, Dokta Frank Jobe ya ɗauko jijiya daga ɗaya hannun Tommy John ya maye gurbin wadda ta tsinke a gwiwar hannun jifansa. John ya dawo a 1976, ya yi wasa har 1989 yana shekara 46, ya ƙara cin wasa 164. Yau tiyatar ta zama ruwan dare, jinyarta wata 12 zuwa 18, sai dai tiyata ta biyu ba ta cika yin kyau kamar ta farko ba, kuma kafaɗa har yanzu ta fi gwiwar hannu wuyar gyara.

Zauren fitattun 'yan wasa da ke Cooperstown yana da nasa agogon. Sai wanda ya buga kaka goma, sannan ya yi shekara biyar cur bai taka fili ba, ake sa sunansa a ƙuri'ar da marubuta wasanni ke kaɗawa don shiga zauren. Yana buƙatar kashi 75, in ya gaza kashi 5 a cire shi, kuma tun 2014 shekara goma kawai zai yi a takardar maimakon 15. Agogon daga wasan ƙarshe yake farawa, ba daga ranar sanarwa ba. Ichiro Suzuki ya buga nasa na ƙarshe a Tokyo a Maris 2019 yana shekara 45, aka zaɓe shi a Janairun 2025, ƙuri'a ɗaya kacal ya rasa cikin 394.