Feshin ƙasan mota: me ake nufi da shi?

Idan bakanike ya leƙa ƙarƙashin motarka ya ce, "Alhaji, tana son feshi a ƙasa," ba fenti yake nufi ba. Nufinsa a hau da ita kan rami, a wanke ƙarƙashinta tas, a bari ta bushe, sannan a rufe ƙarfen da wani abu mai maiƙo ko mai danƙo da zai raba shi da ruwa da iska. Sai waɗannan biyun sun haɗu a kan ƙarfe tsatsa take kama shi, gishiri kuma yana ƙara mata sauri.

Wani zai ce Kebbi ba bakin teku ba ce, ina ruwanmu? Ruwanmu na cikin laka. Motar da ke shiga fadamun Argungu da Suru, ko hanyoyin ƙauyukan Bagudo da Yauri tsakanin Yuni da Satumba, taɓo yana maƙalewa a lungunan ƙarƙashinta. Samansa ya bushe, cikinsa kuwa ya riƙe danshi makonni. Ga kuma taki: a-kori-kurar da ke kai buhunan yuriya da NPK gonakin shinkafa, abin da ya zube a bayanta in ya sha ruwa, cin ƙarfe yake yi sosai. Motocin da ake shigowa da su daga Kanada da arewacin Amurka kuwa da ciwonsu suke zuwa, domin can gishiri ake barbaɗa wa tituna lokacin ƙanƙara.

Abin da aka fi fesawa a garejinmu shi ne baƙin mai, wani lokaci a sirka shi da gas. Araha gare shi, kuma yana ɗan korar ruwa, amma yana kumbura robobin ƙafar mota, yana tara ƙurar hunturu, in ya taɓa birki kuwa an sayi hatsari. Akwai baƙin feshi mai kauri irin na kwalta, wanda ke bushewa ya zama fata. Yana da kyau a kan ƙarfe mai lafiya. A kan tsatsa fa? Nan ne ɓarnar take, don rufe ta yake yi tare da danshinta, ta ci gaba da aikinta ba mai gani. Dole a kankare da burushin waya tukuna. Ni dai na fi yarda da mai irin na kakin zuma ko na lanolin, wanda ake samu daga gashin tumaki: ba ya daskarewa, yana kutsawa cikin mahaɗar ƙarafa, sai dai yana son sabuntawa kusan duk shekara, kafin ruwan farko. Ko wanne aka zaɓa, ba a fesa wa salansa, wato bututun hayaƙi, kuma ba a toshe ƙananan hujojin da ke ƙasan ƙofofi, don ta nan ruwa ke fita.

Notuna su ne aka fi mantawa da su. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, shi ya sa take cika zaren noti har ya ƙi motsi, yaron gareji ya sa ƙarfi, kan ya gutsure, aikin minti goma ya koma na mai walda. Notin da aka lulluɓe da tutiya ya fi jurewa, domin tutiyar ce ke lalacewa kafin ƙarfen. In an kwance, a goge zaren, a ɗan shafa giris mai garin jan ƙarfe a ciki kafin a mayar. Man feshin gwangwani da ake kira WD-40 yana taimakawa wajen kwance wanda ya ƙage, amma ba ya daɗewa a jiki. Notunan taya kuwa a bushe ake ɗaure su. Maiƙo yana sa a zarce ƙima wajen matsewa.

Mai sayen motar hannu ya yi hattara da ƙasan da ke sheƙi da sabon baƙin feshi. Ya shiga ramin da kansa da tocila, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da sukundireba, ya duba bututun man birki. Inda ya ji taushi ko ɓawo ya zubo, ya kira mai gyaran bodi ya gani kafin a yi ciniki.