Wai Da Gaske Afirka Za Ta Dare Gida Biyu?

Wani bidiyo na ƙatuwar tsaga a ƙasar Kenya ya sake yawo a Facebook, ana cewa Afirka ce ta fara rabuwa gida biyu, sai ɗalibaina na aji shida a nan Sakkwato suka taso ni gaba da tambayoyi. Ga waɗanda na ga sun fi nama, da amsar da na ba su.

Malam, wannan tsagar ita ce mafarin rabuwar?

Ita dai a'a. Ta bayyana a 2018 kusa da garin Mai Mahiu bayan an tafka ruwan sama, kuma masana da dama sun ce ruwan ne ya kwashe tsohuwar tokar aman wuta da ke ƙarƙashi, ƙasa ta rufta. Zaizaya ce, irin wadda muke gani a bakin kwari da damina. Sai dai wurin yana cikin Babban Kwarin Gabashin Afirka, wanda shi kam darewa yake yi da gaske, yana raba ɓangaren da Somaliya take da sauran Afirka. Wadda ta cancanci a riƙe baki ita ce ta Satumbar 2005 a yankin Afar na Habasha: cikin 'yan makonni ƙasa ta tsage tsawon kilomita 60, wani wurin faɗinta ya kai mita 8.

Me ke iya tsaga nahiya sukutum?

Ku leƙa majema ku ga yadda ake miƙe fata. In aka ja ta ta gefe biyu, ba nan take za ta yage ba. Tsakiyarta ke fara sirancewa. Haka ɓawon duniya yake. Ba dunƙulalle ba ne, fale-falen dutse ne manya da ke zaune kan wani dutsen mai tsananin zafi, wanda yake motsi a hankali kamar tuwon da bai huce ba. Inda zafin ya taso daga can ciki, sai ƙasa ta kumbura ta yi tudu, shi ya sa Habasha da Kenya suke kan tsaunuka. Ana cikin ja, ɓawon ya yi siriri, samansa ya karye, tsakiya ta zurma ƙasa ta bar gangare hagu da dama. Kwari ya samu ke nan. Narkakken dutse ya sami ƙofa, aman wuta ya biyo baya. Ruwa kuma ya taru a zurfafan wurare: Tafkin Tanganyika ya kai zurfin kusan mita 1,470.

Idan jan bai tsaya ba, ɓawon nahiya ya tsinke, sabon dutse ya cike giɓin, teku ya kwararo. Duk alhajin da jirginsa ya tashi daga Sakkwato zuwa Jidda ya ƙetare irin wannan. Bahar Maliya tsaga ce da ta fara raba ƙasar Larabawa da Afirka wajen shekara miliyan 30 da suka wuce, kuma har gobe buɗewa take da kimanin santimita ɗaya a shekara.

To yaushe Somaliya za ta ɓalle?

Ba a zamaninku ba, ba na jikokin jikokinku ba. Milimita 6 zuwa 7 ake matsawa a shekara ta wajen Habasha. Farcenku ya fi haka saurin tsiro. Maganar miliyoyin shekaru ce, kuma ba dole ne ma ta kai ba.

Ana iya fara darewa kuma a fasa?

Sosai, kuma shaidar tana cikin gidanmu. Ku ɗauko taswira ku kara kumburin Burazil da lungun gaɓar tekun Gini, za ku ga sun dace kamar sakainar ƙwarya ɗaya. Bajamushe Alfred Wegener ya kafa hujja da irin wannan tun 1912, aka yi masa dariya, sai a shekarun 1960 binciken ƙasan teku ya wanke shi. Lokacin da Kudancin Amurka ke rabuwa da Afirka, sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, tsagar ta yi reshe uku daga wajen da kogin Neja ke faɗawa teku a yau. Biyu suka buɗe suka zama Tekun Atlantika. Na ukun ya nausa arewa maso gabas kusan kilomita 1,000, sannan ya mutu. Shi ne Kwarin Binuwai. Laka da yashi suka cike shi, kaurinsu dubban mitoci, kogin Binuwai ya bi ta kai.

A ganina wannan ya fi bidiyon Kenya amfani gare mu, don a irin waɗannan matattun tsagogi man fetur ke kwanciya. Rijiyoyin Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe a reshen wannan kwari suke, man Agadem na Nijar kuma a wata 'yar'uwar tsagar.

Mu a Sakkwato fa, ƙasa za ta tsage da mu?

Ku kwantar da hankalinku. Tsattsagewar fadamar Rima da rani bushewar laka ce, ruwan farko ke ɗinke ta. Mu muna kan wata faffaɗar kwatarniya da ake kira Iullemmeden, wadda ta shiga Nijar da Mali, ƙasa ce da ta lotsa a hankali ba tare da ta dare ba.

Amma mu ma buɗewar sababbin tekuna ta taɓa mu. Sabon ƙasan teku yana da zafi, a kumbure yake, don haka sai ya tura ruwa kan nahiyoyi, har teku marar zurfi ya shigo ya kwanta a nan. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana siminti a ƙarƙashin wannan tekun ya taru, daga ɓawon halittun ruwa. A ƙasar Goronyo kuma an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da ya rayu sama da shekara miliyan 66 da suka wuce, masana suka raɗa masa Goronyosaurus. Ajin ya yi tsit, sai wani daga layin baya, ɗan Goronyo, ya ɗaga hannu ya ce a rubuta masa sunan a allo zai kai wa kakansa.